Ƙananan manhajojin gyaran kwamfuta: wace za a girka, wace za a bari

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a Maradi, ko a shagunan buga takardu da fotokofi, ko a ofisoshin ƴan kasuwa, ko a ɗakunan ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na hannu ne, waɗanda suka gama hidima a wata ƙasa kafin su iso wurinmu. Da yawansu ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce giga 4 ba, faifan ajiyarsu kuma irin na da ne mai juyawa. Ga zafin bazara da ƙurar hunturu, ga wutar lantarki mai ɗaukewa ba sallama, ga kuɗin mega da ke sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya sauke wani abu. Saboda haka manhajar da aka yaba a Faransa ko Amurka ba lallai ta dace da mu ba. Ma'aunin da na bi wajen wannan kwatanci shi ne nauyin manhaja a kan tsohuwar na'ura, da iya aikinta ba tare da intanet ba, da kuma ko kyautarta ta gaskiya ce ko tarkon talla ne. Duk abin da zan faɗa ya shafi Windows ne, domin ita ce a kan kusan kowane tebur a garin nan.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne kwamfuta ta yi nauyi, kuma maganin da aka fi rubutawa shi ne CCleaner. Ra'ayina a kanta a fili yake: ba ta cancanci matsayin da ake ba ta ba. Aikinta na share tarkacen fayiloli Windows da kanta tana yin sa, ta hanyar Disk Cleanup da ke cikinta tun da daɗewa, da kuma Storage Sense da aka ƙara a Windows 10, wadda ke zubar da kwandon shara da fayilolin wucin gadi ba tare da an tuna mata ba. Ɓangaren da ake ruɗar mutane da shi, wato sharar rajista, kundin da Windows ke ajiye saitunanta da na manhajoji a ciki, ba ya ƙara wa kwamfuta saurin da za a gani da ido, kuma kamfanin Microsoft ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da irin waɗannan masu sharar, domin goge layi guda da bai kamata ba yana iya hana wata manhaja tashi. Akwai kuma tarihi: a shekarar 2017, jim kaɗan bayan kamfanin Avast ya sayi Piriform mai CCleaner, ɓarayin intanet sun cusa mugun abu cikin sigarta ta 5.33, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar da suka amince da ita. An gyara wannan tuntuni, amma sigar kyautar har yanzu tana zama a bayan fage tana tallan a sayi ta kuɗi. Wanda lallai yake son mai shara dabam, BleachBit ta fi sauƙi, ba talla a cikinta, sai dai ba ta da tausayi, abin da aka yi wa alama za ta share shi, don haka a karanta kowane akwati kafin a danna.

Abin da ke jawo nauyi a zahiri, sau da yawa, shi ne tarin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. A nan zaɓin yana tsakanin shafin farawa na Task Manager, wanda ke nan tun daga Windows 8, da Autoruns ta Mark Russinovich, wadda Microsoft ke rabawa kyauta. Na farko ya ishi mai shago ko ɗalibi, domin yana nuna kowace manhaja da yawan jinkirin da take kawowa, a kashe ta da dannawa ɗaya, a mayar da ita idan an ga an yi kuskure. Autoruns kuwa ta mai gyara ce, tana tono duk wani lungu da manhaja ke iya laɓewa, har da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, da ayyukan da aka tsara wa lokaci, kuma wanda bai san abin da yake kashewa ba yana iya wayar gari kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. Idan an rage masu tashin kuma nauyin bai tafi ba, babu wata manhajar ƙara gudu da za ta yi abin da canza faifai mai juyawa zuwa SSD, sabon nau'in faifai mai sauri da ba ya juyawa, zai yi.

Idan faifai ya cika har layinsa ya koma ja, kafin a fara share hotunan biki ya kamata a ga mene ne ya ci wurin. WinDirStat da WizTree duka suna zana faifan a matsayin murabba'ai masu launi, babban fayil babban murabba'i. Bambancinsu shi ne WizTree tana karanta babban jadawalin fayiloli na NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a faifai, kai tsaye, don haka cikin daƙiƙoƙi take gamawa, amma kyauta ce ga mai amfanin kansa kawai, ofis ko shago ana son ya sayi lasisi. WinDirStat kyauta ce ga kowa, tsohuwar sigarta tana jan ƙafa a kan faifai mai juyawa, sabuwar da ta fito a 2024 ta fi sauri. Ga kwamfutar gida WizTree, ga ta kasuwanci WinDirStat.

Wannan dabarar karanta jadawalin ita ce kuma sirrin Everything ta voidtools, manhajar da nake ganin ta fi kowace cancantar a fara girkawa a shagon buga takardu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin shagon nan ya san yadda ake yi: mutum ya zo neman takardar da aka buga masa bara, mai shago ya rubuta suna a akwatin binciken Windows, koren layi ya yi ta rarrafe, layin mutane yana ƙara tsawo. Everything ba ta wuce ƴan mega ba, tana haɗa sunayen fayilolin faifan gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma sakamako yana fitowa tun ana cikin rubuta harafi na biyu ko na uku. Iyakarta ita ce sunan fayil take nema, ba abin da ke rubuce a ciki ba, kuma filash da aka tsara da FAT32, wani tsarin da ba NTFS ba, sai an nuna mata shi da hannu. Binciken Windows ya fi ta a wuri guda, yana iya gano kalmar da ke cikin takarda, amma farashinsa shi ne aikin tattara bayanai da yake yi a bayan fage, wanda ke wahalar da tsohon faifai. Mai sa wa fayilolinsa suna mai ma'ana, sunan mai takarda da shekara, ba zai rasa komai ba idan ya koma Everything.

Yanzu ga matsalar da ta fi kowace ɓata wa mutane rai a nan, wato cutar filash. Filash ɗaya yakan zagaya daga shagon fotokofi zuwa ofis, daga ofis zuwa kwamfutar aboki, ya dawo gida dukan manyan jakunkunansa sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a gefe. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne fayilolin ba su ɓace ba. Cutar ɓoye su take yi, ta ajiye gajerun hanyoyi masu sunansu, domin duk wanda ya danna ɗaya ya tashe ta a kwamfutarsa. Tun daga Windows 7 filash ba ya iya tayar da manhaja da kansa idan an soka shi, shi ya sa masu cutar suka koma ga wannan yaudara, wadda ke buƙatar hannun mai kwamfuta. Kada a danna gajeriyar hanyar, kada kuma a yi gaggawar wanke filash ɗin baki ɗaya, wato a yi masa format.

Zaɓin da ke gaban mutane a nan shi ne Microsoft Defender, ko Smadav, ko ɗaya daga manyan masu kashe cuta na kyauta irin Avast da AVG. Smadav, wadda aka yi a Indonesiya, ta samu karɓuwa a shagunanmu saboda dalilai na gaskiya: ƙarama ce, tana duba filash da zarar an soka shi, tana kuma fito da fayilolin da aka ɓoye. Amma masu ita da kansu sun ce kariya ce ta biyu, ba a yi ta don ta tsaya ita kaɗai ba, kuma babban kuskuren da ake yi shi ne a kashe Defender a dogara da ita. Defender yana cikin Windows tun daga ta 8, ba ya neman kuɗi, ba ya talla, kuma yana kama wannan cutar idan bayanansa sababbi ne. Nan ne matsalar take, domin kwamfutar shagon da ta yi wata shida ba ta ga intanet ba, Defender ɗinta na wata shidan da ya wuce ne. Akwai mafita da ba a cika sani ba: Microsoft tana ajiye fayil ɗin sabunta Defender a shafinta, ana iya sauke shi sau ɗaya a wurin da intanet ke da sauƙi, a ɗauka a filash mai tsabta a girka wa kwamfutoci da dama. Manyan na kyautan kuwa suna kama cuta sosai, amma a kan na'ura mai giga 4 nauyinsu da tallansu suna mayar da magani wata cutar, kuma haɗa biyu daga cikinsu a kwamfuta ɗaya ba ya ninka tsaro, rigima kawai yake haddasawa. Shawarata ita ce Defender da ake sabuntawa a kai a kai, a ƙara Smadav idan kwamfutar ta shago ce da filashin jama'a ke shiga kullum. Bayan an kashe cutar, idan fayilolin ba su fito ba, a buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a shiga harafin filash ɗin, a rubuta attrib -h -r -s /s /d, su dawo fili, sannan a share gajerun hanyoyin.

Idan kuwa fayil ya gogu da gaske, ko an riga an wanke filash ko katin waya, kwatancin yana tsakanin Recuva da PhotoRec. Recuva tana da sauƙi, tana tambayar irin fayil da wurin da yake, ta jera abin da ta samu da sunayensu na asali, da ɗigo kore ko ja mai nuna ko akwai fata. Ita ce ta dace da fayil ɗin da aka share yau ko jiya. PhotoRec, ta Bafaranshe Christophe Grenier, ba ta damu da jadawalin fayiloli ba, faifan take bi gaba ɗaya tana gane kowane fayil daga alamar farkonsa, don haka tana ceto abin da Recuva ta kasa, musamman bayan wankewa ko lalacewar jadawali. Amma tana dawo da su ba suna, sai lambobi, kuma mai takardu dubu zai kwana yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A fara da Recuva, idan ta gaza a koma PhotoRec. Ko wace aka ɗauka, ƙa'ida ɗaya ce: daga lokacin da aka gane an yi asara a daina ajiye komai a kan wannan faifan, kada a girka manhajar ceton a kansa, kada kuma a mayar da abin da aka ceto cikinsa, domin sabon rubutu yana hawa kan tsohon ne ya binne shi. A kan SSD fatan ya fi ƙanƙanta, saboda irin wannan faifan yana share gurbin da aka goge da kansa ba da jimawa ba.

Wata hanyar asarar fayiloli kuma ita ce abin da wutar lantarki ke yi. Mutanen Maradi ba su manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, kuma ko a lokacin da komai ke daidai, bazara takan zo da ɗauke-ɗauke. Babu manhajar da za ta maye gurbin na'urar UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke, ga kwamfutar tebur, amma akwai gyara na kyauta da ke rage asara: Word yana ajiye kwafin ceto duk minti 10 idan ba a taɓa saitinsa ba, ana iya mayar da shi minti 2, kuma mai buga kundin ɗalibi zai ga amfanin hakan ranar da wuta ta tafi yana tsakiyar babi. Mutuwar bazata da zafi suna gajiyar da faifai a hankali, shi ya sa CrystalDiskInfo take da daraja. Tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa, ta nuna shuɗi idan lafiya lau, rawaya idan ya fara samun gurɓatattun gurabe, ta kuma faɗi zafinsa da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu a kasuwa ya riƙe ta a filash ya duba kafin ya biya.

Game da ajiyar kwafi, File History na Windows yana yin aikinsa shi kaɗai, yana kuma riƙe tsofaffin sigogin takarda, amma yana son faifan waje ya riƙa zama a soke, abin da ke jefa shi cikin haɗarin cuta da hawan wuta iri ɗaya da kwamfutar. FreeFileSync tana jiran a kira ta ne: a soka faifai, ta kwatanta ɓangarorin biyu, ta nuna abin da ya canza, ta kwafe shi kaɗai, a zare faifan a sa a aljihun tebur. A yanayinmu na fi amincewa da ta biyun, da sharaɗin a ware mata rana a mako, misali yammacin Alhamis, a kuma lura da kibiyar da ke nuna daga ina zuwa ina, domin juya ta yana iya sa tsohon kwafi ya hau kan sabo. Ajiya a Google Drive ko OneDrive tana da kyau ga ƴan takardu masu muhimmanci, ba ga faifai dukansa ba, sai ga mai megan da ba ya ƙarewa.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Tsakanin WinRAR da 7-Zip, ta biyun, wadda Igor Pavlov ya fitar tun 1999, kyauta ce ga kowa, tana buɗe RAR da ZIP da sauransu, abin da ba ta yi kawai shi ne ƙirƙirar RAR, wanda ba safai ake buƙata ba. WinRAR ta kuɗi ce bayan gwajin kwana 40, kuma tsofaffin sigoginta da ke yawo a filashi suna da ɓarakar tsaro da aka toshe a 2023, alhali ba ta sabunta kanta. Wajen karanta PDF, Adobe Acrobat Reader tana cin ɗaruruwan mega, SumatraPDF kuwa ƴan mega ce, tana buɗewa nan take, tana kuma karanta littattafan EPUB, sai dai idan takarda ce mai gurabun cikewa ko sa hannu a koma Adobe ko Edge. Haɗa PDF da raba shi da rage nauyinsa, aikin da ake yi kullum lokacin tura takardun neman aiki ko gurbin karatu, yawanci a shafuka irin iLovePDF ake yin sa, wanda ke nufin aika takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa na wani zuwa na'urar da ba a sani ba, a kuma biya mega sau biyu, hawa da sauka. PDF24 Creator, ta wani kamfanin Jamus, tana yin duk wannan a cikin kwamfutar. Saukar da ita tana da nauyi, amma sau ɗaya ne.

Wajen sauke fayiloli, Internet Download Manager ce ta yi suna, kuma ta iya aikinta, amma ta kuɗi ce bayan kwana 30, abin da ya sa kusan duk wadda ke yawo a gari fasasshiya ce, kuma fasasshiyar manhaja tana cikin manyan ƙofofin da cuta ke shigowa. Free Download Manager tana yin babban abin da muke buƙata, wato ci gaba daga inda aka tsaya idan layi ya yanke, ba tare da wannan haɗarin ba. Wanda ke haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarsa kuma ya shiga saitin wannan haɗin ya sa masa alamar haɗi mai awo, domin Windows ta rage sauke-sauken da take yi a ɓoye.

Akwai wata damuwa da ta keɓanta da mu. Kwamfutocin da suka biyo ta Kano da Katsina madannansu QWERTY ne, wato jerin haruffa irin na Ingilishi, waɗanda suka fito daga Faransa AZERTY ne, jerin Faransanci, aikin ofis da Faransanci ake yi, ga kuma Hausa mai buƙatar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Windows tana da tsarin madannan Hausa a cikinta, ana ƙara shi a saitin harshe, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da na tazara, amma a kan jerin QWERTY aka gina shi, don haka mai AZERTY zai ga A da Q sun yi musanyar wuri. Keyman ta ƙungiyar SIL kyauta ce, tana da tsare-tsare na harsunan Afirka da dama, kuma ta fi dacewa da malamai da masu fassara da ke rubutu cikin Hausa da wasu harsunan ƙasa. Wanda a Word kaɗai yake aiki yana iya wadatuwa da ware wa kowane harafi gajeriyar hanyar madannai daga akwatin alamomi, ba sai ya girka komai ba. PowerToys ta Microsoft ma tana iya canza aikin maɓalli, abin da ke ceton madannan da harafi ɗaya ya mutu, tana kuma sauya sunayen fayiloli da yawa a lokaci guda da rage girman hotuna, amma tana da nauyi, ba ta kuma aiki a Windows 7, don haka sai na'ura mai giga 8 nake ba shawarar a sa mata, a kashe sassan da ba a amfani da su.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ta kuma sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, alhali Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da yawancin na'urorinmu ba su da shi. Ma'anar haka ita ce kwamfutoci da yawa a garin nan za su ci gaba da aiki da tsarin da ba a ƙara toshe masa ɓaraka, kuma a irin wannan hali inda aka samo manhaja ya fi sunanta muhimmanci. A sauke kowace daga shafin masu ita, ba daga mahaɗin da aka turo a WhatsApp ba, ba kuma daga shafukan da ke da maɓallan saukewa uku ko huɗu ba. Everything da WizTree da SumatraPDF da CrystalDiskInfo da PhotoRec duka suna da sigar da ba a girkawa, wadda ke tashi daga filash kai tsaye, don haka mai gyara ko mai shago yana iya haɗa su a filash guda da ya keɓe wa wannan aikin, ya riƙa duba shi da Defender duk lokacin da ya dawo daga kwamfutar wani.